Abin da Wuta Ke Bari: Tsofaffin Kuɗi, Adaka da Sef a Batsari da Safana

Idan gobara ta lafa a ƙauye, 'yan jaje suka yi "Allah Ya mayar da alheri" suka watse, akwai aikin da ke rage wa matan gida wanda baƙo bai cika gani ba. Sukan jira toka ta huce, su ɗauko rariya da tsohon faranti, su durƙusa daidai inda gado yake a da, su shiga tankaɗe. Abin da ke tsayawa a kan rariyar bai cika bambanta ba: ƙusoshi, kwaɗon adaka, dunƙulen tukunyar silba da ta narke ta daskare, ɗan kunne guda ba ɗan'uwansa, sai tsofaffin kuɗin ƙarfe, baƙi ƙirin amma lafiya lau, har ana iya karanta shekarar da aka buga su. Kwabo mai huji, wanda ya daina sayen ko ashana tun da aka kawo Naira a 1973, ya fita ba ƙwarzane. Kuɗin ragon da aka sayar ranar kasuwa aka cusa ƙarƙashin katifa kuwa, ko lambarsu ba a gani.

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, bayansu na jingine da Dajin Rugu da iyakar Zamfara. Ƙasar gero ce da dawa da rogo da kiwo, ƙasar Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana. Wuta iri biyu mutanenta suka sani. Ta farko tsohuwa ce, tare da hunturu take zuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta busar da komai, an jibge kara da harawa a kan rumfa, darnin gida na kara, jinkar ɗaki ta ciyawa, ga kaskon garwashi an tura ƙarƙashin gado saboda sanyi. Zamani ya ƙara nasa: igiyar leƙo kusa da labule, hitar da aka bari a jone har aka dawo da wuta ba kowa a ɗaki, batirin sola da wayoyinsa a tsirara, da jarkar fetur da mai babur ke kwana da ita a gefen shimfiɗa.

Ta biyu hannu ke kunna ta. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 'yan bindiga suka auka wa Tsauwa da Dankar a Batsari. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 30, an kuma ƙone gidaje da rumbuna da dabbobi. Wata biyu bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Sulhun da al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 ya sa wasu sun koma gona, amma wanda ya taɓa kwana a daji yana hangen hayaƙin gidansa ba ya sake yi wa maganar ajiya kallon wasa. Duk dabarar da za a kawo nan sai ta amsa wutar biyu, kuma yawancin shawarwarin da masu sayar da sef ke bayarwa ta farko kaɗai suka sani.

A Turai da Amurka tara tsofaffin kuɗi sha'awa ce mai zaman kanta, da kundaye da ƙungiyoyi da inshora. A Runka ko Wagini ba wanda zai kira kansa mai wannan sha'awa, amma kayan suna nan. Suna cikin kumbon tsohuwa, cikin gwangwanin da aka naɗe da tsumma a ƙasan adaka, a kitson matan Fulani, a wuyan yaro an haɗa su da laya. Duk wanda ya zazzage irin wannan ƙunshi a kan tabarma ya zazzage tarihin kasuwar ƙasar Hausa.

Mafi tsufa shi ne wuri. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina a farkon 1851 da sunan Abdulkarim, ya tarar a Kano ana canjin riyal guda a kan wuri 2,500. Riyal ɗin shi ne liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wanda kashi 83 cikin ɗari nasa azurfa ce. Kusan duk wanda aka ɗauka za a ga 1780 a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin da wannan shekara aka ci gaba da buga shi a Biyana, daga baya har a Landan da Rum da Bombai. Saboda haka 1780 a jikin liyari ba ta nufin ya shekara ɗari biyu da arba'in. Maƙeran fari sun narkar da su ba adadi suka yi zobba da mundaye da kayan doki, abin da ya tsira shi ne wanda aka huda aka rataya.

Sai kuɗin Turawa. Anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ya fara fitowa a 1907 da alminiyom, aka ga yana saurin lalacewa aka koma gamin tagulla da nikel a 1908. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Bayan kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, aka kawo taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, aka daina sa musu azurfa daga 1920 aka koma farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Akwai ma aninai da kwabbai na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare, ko naɗi ba a yi masa ba. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa a 1959, taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga a ciki, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma Naira da kwabo, har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin 'yan damfara na yawo da labarin wai anini guda na iya sayen mota. Miliyoyinsu aka buga, kuma a kasuwar masu tarawa yawancinsu ba su da tsada. Darajar gaske tana ga azurfa da zinare: liyari, sulallan kafin 1920, sisin gwal na sadaki, sarƙa da ɗan kunnen da mace ta tara da kuɗin adashi. Sauran kuwa darajarsu ta gado ce, ta cewa wannan Kaka ce ta bari, kuma wannan ba a kai ta kasuwa.

Me wuta ke yi wa kowannensu? Gobarar ɗaki mai katifa da kayan katako takan kai zafin digiri 600 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyas. Zinare tsantsa sai a 1,064 yake narkewa, tagulla a 1,085, azurfa a 962, alminiyom a 660. Wannan ne ya sa tukunya ke zama dunƙule kwabo ya fita da siffarsa, sarƙar gwal kuma ta tsinke a mahaɗa amma nauyinta na nan. Wuri da murjani ba su da wannan ƙarfi, sukan tsage su yi fari su marmashe. Takarda ita ce marainiya. Da zafi ya wuce digiri 200 kaɗan ta fara zama gawayi, ko harshen wuta bai taɓa ta ba. Ƙananan kuɗin leda, daga Naira 5 zuwa 50, tun wajen digiri 120 suke ƙanƙancewa.

Shi ya sa adaka ke yaudarar mutane. Ƙarfe ce, ga kwaɗo, ga fenti mai furanni, mai ita na ganin ta gama tsaro. Amma falan-falan ƙarfenta ba ya tare zafi, wucewa yake yi da shi kai-tsaye, sai cikinta ya zama tandar burodi. Akan buɗe adakar da ta sha wuta a tarar da atamfofi a ninke yadda aka jera su, a kai hannu su rugurguje. Damin kuɗi na nan da siffarsa, baƙi, ana taɓawa ya watse.

Sef kuma iri biyu ne, ko da yake a shago suna kama da juna. Akwai na ɓarawo: ƙarfe mai kauri, ƙofa mai nauyi, irin wanda mai walda ke iya haɗawa a Katsina ko Kano. Wannan yana jinkirta mai guduma, amma a gaban wuta adaka ce mai tsada. Akwai kuma na gobara, wanda sirrinsa ke cikin bango. Tsakanin ƙarfen waje da na ciki akan cusa siminti na musamman ko farar hodar nan da ake silin POP da ita, wadda ke riƙe da ruwa a cikin ƙwayoyinta. Idan zafi ya zo, ruwan ya riƙa fita a matsayin tururi, cikin akwatin ya tsaya kusa da zafin tafasar ruwa har sai ruwan ya ƙare. Daga nan kariya ta ƙare. Shi ya sa ake auna irin wannan sef da lokaci. Cibiyar gwaji ta Underwriters Laboratories ta Amurka, wadda aka kafa a 1894, takan sa shi a tanderu na awa guda har zafi ya kai digiri 927, kuma sharaɗin cin jarrabawa shi ne kada cikinsa ya wuce 177. Na rabin awa ana kai shi 843, na awa biyu 1,010. Wanda aka yi don waya da ma'adanar kwamfuta kuwa kada cikinsa ya wuce 52. Mai saye ya nemi wannan tambari a jikin ƙofa daga ciki. Rubutun kwali da rantsuwar mai shago ba gwaji ba ne.

Tururin da ke ceton takarda shi ne kuma ke ɓata ƙarfe. Ko ba gobara, irin wannan sef yakan riƙe danshi, azurfa ta yi baƙi, tagulla ta yi kore. Maganinsa a sa kuɗin ƙarfe a kwalba mai murfin kirki, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a kuma nisanta su da robar ɗaure kuɗi, domin sinadarin da ke cikinta na baƙanta azurfa.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin darajar wannan bambanci. Da safiyar 22 ga Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaruruwan shaguna a babbar kasuwar Katsina, wata biyu kacal bayan ta Sakkwato, shekara biyar bayan ta Sabon Garin Kano ta Maris na 2016. A kowacce akwai waɗanda suka kwana da ciniki a shago. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, an san abin da ake yi wa na kai. Mai shago a cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma da zai iya sayen sef na gobara, ya girke shi a ƙasa, a kusurwa, ya kewaye shi da bulo, domin zafi sama yake hawa, kuma rufin kwano da katakonsa tsakiyar ɗaki suka fi faɗowa. In wuta ta riga ta ci, kada a yi gaggawar buɗewa. Iska na shiga akwati mai zafi takardar da ta gasu ta kama. A bar shi ya huce da kansa, damin da ya babbake kuma kada a ɓamɓare shi, a kai banki yadda yake. Tsofaffin sulalla a ɗauraye su da ruwa kawai. Dirza su da toka da lemun tsami yana sa su ƙyalli, yana kuma kashe kuɗinsu a idon masani. Wanda ya narke ma kada a zubar: maƙerin fari da awo yake saye, kuma liyarin da ya rasa hoton sarauniya bai rasa giram 23 na azurfarsa ba.

Wannan duk maganar gari ce. A ƙauyen bakin daji lissafin ya sha bamban. An ƙera sef ne bisa zaton motar 'yan kwana-kwana za ta iso cikin awa guda, kuma ba wanda zai ɗora wa mai gida bindiga ya ce kawo mabuɗi. A nan zato biyun duk ba su tsaya ba. Motar sai ta taso daga babban gari ta bi hanyar burji, ɗakin ciyawa kuwa kafin a gama ihu ya zube. Mafi muni, akwatin da sai ƙarti huɗu sun sauke daga a-kori-kura ba ya shiga gida a ɓoye. Yara sun gani, masu shayi sun gani, kuma a ƙasar da kalmar infoma ta shiga bakin kowa, wannan sanarwa ce. Ba a gudu da shi, ba a musun akwai shi. A irin wannan wuri sef na iya jawo wa mai shi abin da ya fi gobara.

Abin da ya rage shi ne abin da kakanni suka yi. Yankin Ruma bakin daga ne tun ƙarni na sha tara, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina, zamanin da sunan jarumi Ɗanwaire ya fito. Mutanen da suka rayu a haka sun san ɗakin soro mai rufin ƙasa a kan azara ya fi jinka jure tartsatsi, sun kuma san tulu a cikin rami. Kimiyya na bayansu: ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma wutar da ta cinye ɗaki ba ta kai wa abin da ke kamu biyu a ƙarƙashinsa. A Durɓi ta Kusheyi da ke Mani, haƙar da aka yi a 1907 da 1992 ta fito da kayan zinare da tagulla da hauren giwa da suka yi ɗaruruwan shekaru a binne.

Sai dai rami na da nasa sharri, kuma ba Bahaushe kaɗai ya ɗanɗana ba. Samuel Pepys, wani jami'in rundunar ruwan Ingila da ya bar littafin abubuwan da yake yi kullum, ya binne takardun ofis da giya da cuku a lambu lokacin babbar gobarar Landan ta 1666. Shekarar da ta biyo, da jiragen yaƙin Holan suka kutso kogin Medway, ya tura matarsa da mahaifinsa da zinarensa ƙauyen Brampton. Suka binne shi da rana tsaka. Da ya zo tonowa a Oktoba, cikin dare da fitila, aka rasa wanda zai nuna wurin daidai. Da aka gano, jakunkunan sun ruɓe, tsabar ta watse cikin ƙasa, sai da aka kwana ana tono aka wayi gari ana tacewa, kuma duk da haka wasu ba su dawo ba. A ƙasar Hausa a ƙara da gara, wadda ba ta san darajar hoton da ke jikin dubu ɗaya ba. Lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2022 an sha ganin bidiyon damman Naira da suka ruɓe a maɓoya.

Ƙa'idar ke nan: ƙasa ta ƙarfe ce, ba ta takarda ba. Azurfa da gwal a kwalba, kwalba a tulu, a kife bakinsa da kasko a liƙe. Kada a yi ƙarƙashin gado, nan kowa ke fara tonawa. Alama kuma a ɗauke ta daga abin da wuta ba ta ci, rijiya ko dutse ko kuka, domin bayan gobara da damina guda, mai gida kansa ba ya gane inda ƙofar ɗakinsa take.

Kuɗin takarda wurinsu banki, kuma mutanen nan suna da hujjar yin tsaki idan an faɗa musu haka. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka fara maidowa. Na'urar POS ta zama abin wasan yara, mai kuɗi a asusu ya koma bin bashi. Ba a gama farfaɗowa ba gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 ranar 26 ga Oktoban 2022, aka shiga watannin da mutum ke sayen kuɗinsa da kuɗi, har Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris na 2023. Wanda ya ga wannan ba za a kira shi bagidaje don ya riƙe tsaba ba. Amma gobara ba ta taɓa cin lambar asusu ba, kuma tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce har Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Abin da ya fi dacewa shi ne rabawa: na cefanen mako a lalita a ƙugu, inda zai gudu tare da mai shi, sauran a asusu.

Takardu su ne aka fi mantawa, su ne kuma suka fi wuyar mayarwa. Takardar cinikin gona mai sa hannun dagaci da shaidun da rabinsu sun rasu, takardar rabon gado, sakamakon jarrabawa. Waya mai kyamara ta sauƙaƙa wannan: a ɗauki hoto a tura wa ɗa ko ƙane da ke Katsina ko Kano, a ajiye kwafi a wani gida daban. Haka gwal ɗin da za a kai ajiya birni, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta a gaban shaidu. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa mai riƙon amana ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, to rubutun yana kare mai kaya yana kuma kare zumunci.

Saura abu ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi a bakin dattawa, wato faɗa wa wani. Mai binne tulu yakan ga ɓoye shi ga kowa shi ne tsaro, har uwargida. Amma shekarun nan sun tarwatsa gidaje, wasu suna cikin garin Batsari, wasu Katsina, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi, kuma tsofaffi da dama a can rai ya yi halinsa. Mutum ɗaya amintacce, babban ɗa ko ƙane ko limami, ya isa ya hana haƙƙin marayu zama a ƙarƙashin kufai.

In kuma hakan ta riga ta faru, shari'a ba ta bar wurin a buɗe ba. Masu komawa suna haƙar tushen sabon gini a tsohon kango, kuma wata rana magirbin wani na iya bugun tulun da ba shi ya binne ba. A mazhabar Malikiyya, dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya ce ake fitar wa ɗaya bisa biyar. Wadda ke da alamar ta Musulmi ce hukuncinta na tsintuwa, sai an yi cigiyarta shekara guda a ƙofar masallaci da inda jama'a ke taruwa. Tulun da aka tarar da sulen 1913 ko kwabo mai dalar gyaɗa a cikinsa ya riga ya faɗi zamaninsa da kansa, kuma a ƙauyen da kowa ya san kangon wane ne, mai unguwa ba zai sha wuyar gano magada ba.